Malam Abdullahi Na Gwandu, Malamin Da Ya Auna Ilmi Da Ma'aunin Waƙa

A garin Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha wadda gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa cikin shekarar 2006, daga baya kuma aka sanya mata sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato shi ma da sunansa a ke kiransa, haka nan fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. Mai yiwuwa wani ya yi tambaya, shin me ya haɗa mawaƙi, masanin nahawu da tafsiri, da makarantar da a ke koyar da aikin injiniya da noma da lissafi? Tambayar ta dace, domin a makarantunmu na sakandare tun yaro bai mallaki hankalinsa sosai ba a ke ware shi, a ce wannan ɗan ajin kimiyya ne, wancan ɗan ajin adabi, daga nan kuwa kowa ya kama gabansa har tsufa. Tarihin Malam Abdullahi ya nuna cewa a ƙasar nan an yi zamanin da ba a san wannan katanga ba.

Asali Da Neman Ilmi

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, watau Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, kalmar Fodiyo kuwa da Fulatanci malami ta ke nufi. Zuriyarsu Toronkawa ne, jikokin Musa Jakollo wanda ya taso daga Futa Toro ya zauna a ƙasar Ƙonni, daga baya zuriyar ta zauna a Ɗegel cikin ƙasar Gobir.

Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, yana ɗan shekara 13 kuma aka danƙa shi ga wansa Usmanu. Abin sha'awa shi ne, shi da kansa ya bar mana lissafin malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh. Wanda ya duba wannan lissafi zai ga an jera tauhidi da fiƙihu da hadisi da tafsiri, a gefensu kuma ga nahawu da sarfu da balaga da manɗiƙi da aruli, ga kuma waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na zamanin jahiliyya. Ya karanta Sahihul Buhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, ya kuma ɗauki karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ne babban malamin Shehu.

A tsarin karatun wancan zamani, ɗalibi ba ya iya fahimtar tafsiri sai ya ƙware a lugga, ba ya ƙwarewa a lugga sai ya haddace waƙa, ba ya raba gado sai ya iya lissafi, ba ya tsai da lokacin salla da alƙibla sai ya san tafiyar rana da taurari. Kowane fanni ƙofa ne ta shiga wani. A cikin wannan tsari Malam Abdullahi ya tashi, bai kuwa fita daga cikinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Sa'ad da Shehu ya fara yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, Abdullahi na tare da shi. A Zamfara ne wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar Shehu saboda barin mata su halarci wurin wa'azi. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa. Abdullahi ya amsa da waƙa a kan karin da mai sukar ya yi amfani da shi, da amsa-amonsa, ya kafa hujja cewa barin mata cikin duhun jahilci ya fi muni a kan zuwansu majalisi a gefe guda cikin sutura. Tun daga nan aka gane cewa waƙa a hannunsa kayan muhawara ce.

Takobi Da Alƙalami

Cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, bayan al'amura sun ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ne kuma ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto ran 21 ga watan Yuni, 1804, inda 'yan baka, da dawaki ƙalilan, suka karya rundunar Gobir mai yawan barade.

Cikin watan Afrilu na 1805 ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita daga birnin, aka naɗa Usman Masa a madadinsa. Bayan haka jama'a suka koma Gwandu da zama. Amma kafin shekarar ta ƙare sai Gobirawa da Azbinawa da wasu Kabawa suka haɗa kai, aka gwabza a Alwasa, wadda a yau ta ke cikin Ƙaramar Hukumar Argungu tare da Gulma da Sauwa. A nan aka karya rundunar jama'a, aka kashe mutane masu yawa, sai a bakin Gwandu suka sami tsayawa suka kori abokan gaba.

Wajibi ne a faɗi gaskiya, Kabawa suna da nasu labarin game da waɗannan shekaru. Jikokin Kanta ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sun kafa sabuwar hedkwata a Argungu, cikin 1849 kuma Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, garuruwan fadamar Rima irin su Gulma da Augi suka zama garkuwarsu, aka yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu cikin 1934, wadda daga gare ta bikin kamun kifi ya sami matsayin da ya ke da shi, ita ta tabbatar da zumunci. Yau Gwandu da Argungu suna cikin jiha ɗaya tun 1991, littattafan Malam Abdullahi kuwa gado ne na kowa, kamar yadda ganuwar Surame ta Kanta ta ke gadon kowa.

Abin da ya faru a Alwasa ya taɓa zuciyar Abdullahi ƙwarai. Ya ga kwaɗayin ganima da son sarauta sun fara shiga zukatan wasu daga cikin mayaƙa, alhali da yawa daga cikin malamai abokan karatunsa sun riga sun yi shahada. Cikin 1807 sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A waƙar da ya yi kan wannan tafiya ya zargi waɗanda suka mai da himmarsu ga tara dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai da mulkin garuruwa. Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, jama'ar birnin suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda a ke tafiyar da mulki bisa shari'a. Nan ya wallafa Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, sa'an nan ya komo gida.

Cikin 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu, ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu ya ke. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, abin da ya kawo 'yar tsama tsakanin baffa da ɗa, Abdullahi ya koma Gwandu. Sai da mutanen Kalambaina suka yi tawaye, Bello ya kawo masa gudunmawa aka ci garin, sa'an nan suka sasanta, Abdullahi ya amince da shugabancin Bello. Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun 'ya'yansa da ɗan'uwansu Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga koyarwa da rubutu.

Yadda Waƙa Ta Zama Rumbun Ilmi

Masu bincike sun lissafa littattafansa da waƙoƙinsa sun haura ɗari. Mafi girma shi ne tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wanda ya kammala wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira cikin 1961 a juzu'i huɗu. Daga baya ya rubuta wani taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, saboda ɗaliban da babban ya fi ƙarfinsu. Amma abin da ya fi jan hankalinmu a nan shi ne yawan fannonin da ya zuba cikin waƙa. Albahrul Muhiɗ waƙa ce ta nahawu mai baiti fiye da 4,000, wadda ya gina a kan aikin Imam Suyuɗi. Alhisnur Rasin waƙa ce ta sarfu mai baiti wajen 1,000. Miftahut Tafsir ta ƙunshi ilmomin Alƙur'ani, Alfiyyatul Usul ta ƙunshi tushen fiƙihu, Misbahur Rawi kuma ƙa'idojin hadisi. Har ilmin auna waƙar kansa ya yi masa littafi, Fat'hul Laɗif.

Me ya sa malami zai wahalar da kansa haka, alhali zube ya fi sauƙi? Dalili na farko shi ne tsadar takarda. Daga ƙasar Italiya a ke kawo ta, ta bi ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi, kuma kowane littafi da hannu a ke kwafe shi. Ɗalibin da ya haddace baiti dubu ya ɗauki littafi a ƙirjinsa, gara ba ta ci, gobara ba ta ƙonawa. Dalili na biyu ya fi zurfi. Waƙar Larabci tana tafiya ne bisa ma'auni, watau jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi a ƙayyadadden tsari. Halilu ɗan Ahmad mutumin Basra, wanda ya rayu a ƙarni na 8, shi ya tsara wannan ilmi na aruli, ya fitar da karuruwa 15 daga da'irori biyar, daga baya aka ƙara na 16. Aiki ne na lissafi tsantsa. Saboda haka idan mai kwafe littafi ya tsallake kalma, ko ya canja wasali, sai baitin ya karye, kunnen ɗalibi ya ji, a koma a gyara. Ma'aunin da ya sa waƙa daɗi shi ne kuma mai gadin ingancin abin da ta ƙunsa.

Irin waɗannan waƙoƙi na koyarwa galibi a kan karin rajazu a ke yinsu, kowane baiti rabinsa na farko ya yi amsa-amo da na biyu, baiti na gaba kuma ya ɗauki nasa dabam. Wannan shi ya ke ba mawaƙi damar yin dubban baitoci ba tare da amsa-amo ya ƙare masa ba. Bugu da ƙari, malaman wancan zamani sukan rufe waƙa da ramzi, watau su ɓoye shekarar da aka yi ta cikin kalma ɗaya, domin kowane harafi yana da adadinsa. A lissafin da a ke bi a ƙasar nan harafin shinun 1,000 ne, ra kuma 200, don haka shekarun Hijira na zamanin jihadi da waɗannan haruffa biyu su ke farawa. Yaro na koyon adabi, yana koyon lissafi a lokaci guda.

Malam Abdullahi ya gaji wannan hanya ne daga magabata. Ibnu Malik ya zuba nahawu cikin baiti dubu, Ibnu Sina ya yi waƙar likitanci mai baiti fiye da dubu, Ibnul Yasamin na Maroko ya yi waƙar aljabara. Abin da ya ƙara shi ne ya ɗauko manyan littattafan da ba kowa ke iya mallaka ba, ya tace su, ya daidaita su da bukatar ɗaliban ƙasarsa.

Jiki Da Ƙasa Da Sama

Alƙalaminsa bai tsaya ga harshe da shari'a kaɗai ba. A Masalihul Insan ya haɗa kula da addini da kula da lafiyar jiki cikin littafi ɗaya, kamar yadda sunan littafin ya nuna. A Ta'alimur Radi ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita ta wurin raya ta, batun da har gobe ya shafi manoman shinkafa da makiyaya da masunta na fadamar Rima. A Kitabun Niyyat ya nuna yadda mai sana'a zai kyautata niyya har aikin hannunsa ya zama ibada. Yana kuma da littafi kan ilmin falaki mai suna Dir'ul Kai'a.

Gidan nasu duka haka ya ke. Muhammadu Bello ya yi rubutu kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko. Bature Kilafatan, wanda ya zo Sakkwato cikin 1824 ya sake dawowa cikin 1826, ya tarar Bello ya san sunayen buruji da taurari da Larabci, ya kuma san littafin lissafin siffofi na Uƙlidis. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, ya yi zurfi cikin falsafa da tarihi. A Gwandu kuma, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, matafiyin nan Bajamushe Barth ya sami kwafen Tarihus Sudan cikin 1853, littafin da ya buɗe wa Turai tarihin daular Songhai.

Kada dai mu wuce gona da iri. Ilmin jiki da na falaki da Malam Abdullahi ya rubuta daga littattafan magabata ya ɗebo su, bai yi aiki da madubin hangen taurari ko ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma likitan yau ba zai ɗauki littafinsa ya rubuta wa majinyaci magani ba. Darajarsa tana ga tsarin aikinsa: yakan ambaci inda ya samo magana, ya jera ra'ayoyi, ya zaɓi wanda hujja ta ƙarfafa, har yakan saɓa wa Shehu da Bello a wasu mas'aloli ya rubuta dalilinsa. Wannan ɗabi'a ita ce ƙashin bayan kowane irin bincike.

Littafinsa Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa cikin 1813, shi ya fi nuna yadda fannoni ke cuɗanya a wurinsa. Ya tattara waƙoƙinsa bisa jerin shekaru, kafin kowace waƙa ya bayyana abin da ya jawo ta. Da haka diwanin mawaƙi ya zama littafin tarihi, wanda duk mai binciken jihadi ke dogara da shi. Hiskett ya fassara shi da Turanci, aka buga a Ibadan cikin 1963. Ban da Larabci, ya yi waƙa da Fulatanci da Hausa saboda talakawa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Raba fannoni matsala ce da ta dami Turawa su ma. A zamanin Malam Abdullahi akwai Goethe a Jamus, babban mawaƙinsu, wanda ya rubuta littafi kan tsirrai cikin 1790 da wani kan launuka cikin 1810. Amma da ilmi ya yi rassa sai kowa ya shige ɗakinsa ya rufe, har cikin 1959 wani masani ɗan Ingila, C. P. Snow, ya yi lacca a Jami'ar Kambirij yana kukan cewa masana kimiyya da masana adabi sun zama al'umma biyu da ba sa jin harshen juna. Tun daga nan su ke neman gyara. Cikin 1968 Frank Malina, injiniyan roka wanda kuma mai zane ne, ya kafa mujallar Leonardo a Faris don haɗa ɓangarorin biyu. Cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai da ke kusa da Janeba, tun 2011 ta ke gayyatar masu zane da mawaƙa su zauna tare da masananta.

Mu kuwa harshenmu ma bai yarda da rabuwar ba. Kalmar fasaha daga Larabci ta zo, asalin ma'anarta iya magana, amma da ita mu ke yabon mawaƙi, da ita mu ke yabon magini da maƙeri, da ita kuma mu ke kiran aikin injiniya. Marigayi Sa'adu Zungur ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba, ya koyar da ma'aikatan lafiya a Zariya, ya kuma zama jigo cikin mawaƙan Hausa. Lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama cikin 1972, da lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo cikin 1973, da waƙa aka wayar da kan jama'ar karkara.

Aiki na nan jibge. Rubuce-rubucen likitanci da falaki da lissafi na malaman Gwandu da Sakkwato suna ajiye a ɗakunan karatu da gidajen malamai, wanda ya iya karanta su bai san kimiyyar zamani ba, wanda ya san kimiyya bai iya karanta su ba. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Kamata ya yi malamin Larabci da masanin haɗa magunguna su zauna tabarma ɗaya su bi itatuwan da aka ambata ɗaya bayan ɗaya, a gwada, a ware mai amfani daga marar amfani. Marinin da ya san yadda baba da toka ke nuna a cikin karofi yana da abin da zai koya wa ɗalibin kimiyya, shi ma yana da abin da zai ƙaru da shi. Haka masuncin Argungu da ya san halin ruwa da lokacin hayayyafar kifi, da mai zayyanar Alƙur'ani da ke raba da'ira daidai wa daida. Hukumomin ilmi kuma su duba yadda ɗan ajin kimiyya zai ci gaba da karanta adabin harshensa, ɗan ajin adabi kuma kada ya yi sallama da lissafi.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu cikin shekarar 1829, a can kabarinsa ya ke, jama'a na kai masa ziyara. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu, zuriyarsa ce kuma ke riƙe da sarautar Gwandu har yau. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba 'yan baya ikon karanta abin da ya bari, amin.